Mutum talatin a waya, bakwai a kan tabarma

Ranar da muka fara haɗuwa ido da ido, furar mutum talatin na sa aka dama. Mutum bakwai suka zo, har da ni. Har yau in ana son tsokanata a zaurenmu na WhatsApp, hoton wannan katuwar robar furar ake ɗorawa, ba a ƙara ko kalma ɗaya, kowa ya san inda aka dosa.

Ina da ɗan shagon buga takardu da kwamfuta a Mabera, nan cikin Sakkwato. Zauren kuwa na masoya ƙagaggun labaran kimiyya ne, irin labaran kumbo da tafiya wasu duniyoyi, da mutum-mutumi mai tunani, da yadda rayuwa za ta kasance nan da shekara ɗari biyu. Asalinsa zaman kullen korona na 2020. Shago a rufe, ba abin yi, sai na tambaya a Facebook ko akwai wanda ya taɓa karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya fitar a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Na zaci mutum biyu ko uku za su amsa. Kafin mako ya zagayo mun buɗe zaure, muna musu har tsakar dare a kan ko za a iya noma gero a duniyar Mars.

Shekara biyu da wani abu muna haka ba wanda ya san fuskar wani. Kuma gaskiya bai dame mu ba. Yawancinmu irin mutanen nan ne da in sun buɗe baki a majalisar unguwa sai a ce sun fara sambatu. A zauren kuwa kana rubuta cewa saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yakan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin, sai wani ya ɗauka ya gina labarin miji da mata da ke rigima ta irin wannan layin, kowace baƙar magana sai ta huce a hanya kafin ta isa.

Abin da ya fara sa ni tunanin haɗuwa ba daɗi ne ya kawo shi ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, bayan an yi irin haka a Zamfara. Wani ɗan zaurenmu daga gabashin jihar, wanda kullum shi ke fara yi mana sallama da asuba, ya ɓace ɗif. Muka tashi nemansa sai muka ga ba mu da komai a hannu. Sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne, hotonsa na wani ɗan sama jannati ne, ba mu san garinsu ba balle gidan mahaifinsa. Mutumin da ya san sirrin labaran da ban taɓa nuna wa matata ba, amma da wani abu ya same shi ko ta'aziyya ba mu san inda za mu kai ba. Ya dawo lafiya bayan an maido da layi, ya yi ta yi mana dariya. Ni dai abin ya tsaya mini a rai.

Sai yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo, daga Fabrairu har Oktoba, ɗalibai suna zaune a gida. Zauren ya cika ya batse da 'yan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ƙannensu. A nan na kawo maganar mu haɗu.

Ban zaci za ta zama gardama ba. Wani ɗan zaure, wanda ba ya yawan magana amma in ya rubuta kowa kan natsu, ya kawo tarihin abin. Ya ce su kansu waɗanda suka fara irin wannan ƙungiya a Amurka ta wasiƙa suka san juna. Mujallar Amazing Stories da Hugo Gernsback ya kafa a 1926 takan buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu, sai suka riƙa rubuta wa juna kai tsaye, kuma babban taronsu na duniya na farko sai a 1939 aka yi shi a New York, da mutum wajen 200. Nan take zauren ya rabu biyu a kan magana ɗaya. Wasu suka ce to ka gani, shekara 13 suna wasiƙa ba abin da ya ragu, mu gaggawar me muke? Wasu suka ce ai ƙarshenta dai sun haɗu. Wani ya ƙara da cewa taron 2020 da aka shirya yi a Wellington ta New Zealand ma ta intanet aka yi shi. Aka kwana uku ana wannan. Ni na riƙe karin maganar da na gada, zumunta a ƙafa take. Wata 'yar uwa ta amsa mini da cewa wanda ya yi karin maganar ba shi da waya ne, kuma da alama namiji ne mai takalmi. Na yi dariya na wuce. Da na san abin da ke gaba da na tsaya na saurare ta.

A ƙarshen 2022 WhatsApp ya kawo hanyar kaɗa ƙuri'a a cikin zaure, sai na yi amfani da ita. Mutum talatin da 'yan kai suka danna za su zo.

Neman wuri ya ci mini mako biyu. Gidan abinci kuɗi ne, kuma ba za a bar ku ku zauna awa biyu a kan kwalbar lemo ba. Zauren gidan wani kuwa, baƙi talatin da ba a san asalinsu ba, wane uba ne zai yarda? Daga ƙarshe wani ɗan zaure da ke koyarwa a wata ƙaramar makaranta ya roƙi mai makarantar ya ba mu haraba ranar Asabar, ƙarƙashin dogon yaro. Lokaci ma shi ya zaɓi kansa. A Sakkwato ba ka tara mutane da rana tsaka sai in kana da gaba da su, saboda haka bayan la'asar ne, a tashi kafin magariba. Awa biyu ke nan in an cika alkawari.

Abin da ban lissafa ba shi ne ranar ta faɗo cikin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Kuɗi na cikin asusu, amma ɗan kabu-kabu tsaba yake so a hannu. Ni kaina furar bashi maƙwabciyata ta dama mini. Wasu wannan ne ya hana su. Wasu kuma daga baya suka gaya mini gaskiya, sun danna ƙuri'ar ne don kada a ce ba su da zumunci. Ɗaya ya ce har bakin ƙofar makarantar ya zo, ya leƙo ya gan mu, kunya ta kama shi ya juya.

Mu bakwai ɗin kuwa, Allah ya kiyashe ka da irin wannan shirun. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi juna gajiya da sanyi, magana ta ƙare. Akwai wani yaro siriri da ya zauna can gefen tabarma yana murza hularsa. Da aka ce kowa ya faɗi sunansa na zaure, sai ga shi shi ne sarkin gardamarmu, wanda ke iya rubuta shafi uku a kan dalilin da ya sa komawa baya a zamani ba zai yiwu ba, wanda ya taɓa kiran labarina "tatsuniya da aka sa wa batir". Shekararsa ba ta wuce 17 ba, kuma yana da in'ina. Kalma biyar bai haɗa ba a wunin.

Na biyun ya fi ba ni kunya. Wani dattijo mai farin gemu ya iso a kan tsohon babur, na miƙe da sauri na ɗauka mai makarantar ne ya zo duba mu. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai na mai shagon? Kai ka ce mani in je in sake karatun firamare kan maganar nauyin wata?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi ne mai tarihin mujallar nan. Tsohon malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, ya koyar da iyayen wasunmu, mu kuma shekara biyu muna ce masa "abokina" da "kai dai bari".

Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ban san ku ba ne."

Ya ce, "Da kun san ni, da ba ku yi gardama da ni ba. Ni kuwa gardamar ta kawo ni. Zauna, ɗana."

Tun daga ranar Baba muke ce masa, kuma abin da ya ji tsoro ya faru, ba wanda ya ƙara yi masa musu da zafi a zaure. Wannan asara ce ta gaske, har yau ba mu mayar da ita ba.

Can sai na lura kowa ya zaro waya. Wayata ta yi ƙara, na duba, yaron nan da ke zaune taku uku daga inda nake ne ya rubuto a zaure cewa furar ta yi tsami. Baba ne ya cece mu. Ya ga takardun da na bugo a shago, labarai uku na 'yan zaure, ya ce a karanta ɗaya da ƙarfi. Na ɗauki nawa. Labarin Sakkwato ne a zamanin da zafi ya kori mutane suka koma zama a ƙarƙashin ƙasa, ba a fitowa sai da dare, kasuwa ma da dare take ci. A waya an yi ta yaba shi da hoton wuta da tafi. Da na karanta a gaban mutane, a shafi na biyu na ga ɗaya yana hamma, a na uku kuma suka yi dariya a wurin da na rubuta don a ji tausayi. Ba hoton tafin da zai taɓa gaya maka wannan. Na koma gida na yanke kusan rabin labarin.

Mace ko ɗaya ba ta zo ba, alhali su suka fi mu rubuta labari. Na lura, amma na ce a raina wata rana za su zo.

Muka mayar da shi duk wata. A zama na huɗu mun kai sha biyar. Aka fara kawo kilishi, wani ya zo da butar shayi, aka saba. Ni ina ganin na ci nasara, ban san ɓaraka na buɗe ba.

A hankali abin ya shigo. Labarin da za a tattauna sai a cinye shi a kan tabarma, in an dawo zaure ba mai sauran abin faɗa. Wasu kalmomi suka zama abin dariya tsakanin waɗanda suka halarta kawai, wani ya rubuto "a kawo roba", mutum goma su fashe, sauran su yi zuru. Mafi muni, muka fara yanke shawara a can. Littafin da za a karanta a wata, da wanda za a ƙara cikin masu kula da zaure, duk a ƙarƙashin dogon yaro aka gama su, sai dai a zo a sanar. Ga shi bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, 'yan Bodinga da Kware da ke ɗan leƙowa suka daina. Wani ɗan Illela, can bakin iyaka da Birnin Ƙonni, wanda tun ranar farko yake tare da mu, ya fita daga zauren ba sallama.

Sai wani dare 'yar uwar nan mai maganar takalmi ta turo saƙon murya na minti huɗu. Matar aure ce, da yara, kuma ba tantama ita ta fi kowa iya rubutu a cikinmu. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, ni tambaya ɗaya gare ni. Da munka fara wanga zaure, kowa da wayarshi ya shigo, ba a tambayi wa ka iya fita wa ba ya iyawa ba. Yanzu kun yi 'yan tabarma da 'yan waya. Ku ci kilishinku, ba mu hana ku ba. Amma labarina da kunka karanta ran Asabar, mi anka ce a kai? Ko kalma ɗaya ba ta iso gare ni ba. Kun yi mani biki ba amarya."

Na saurara sau uku. Ba inda ta yi ƙarya. Mun shafe awa ɗaya a kan labarinta, Baba har ya ce a sake karanta ƙarshensa, amma abin da ya iso zaure hoton kofunan shayi ne.

Gyarana na farko shirme ne. Na ce a zama na gaba za mu kira na gida ta bidiyo su shiga kai tsaye. Na jingine waya a jikin buta. Sabis ya yi ta yankewa, iska na kaɗawa cikin lasifika, na nesa ba sa jin komai sai tashin dariya, data kuma tana zuba kamar ruwa a kwando. Mutum huɗu suka shiga, cikin minti goma saura ɗaya, shi ma daga baya ya ce ajiye wayar ya yi ya tafi alwala. Na kan tabarma kuma suka takura, kowa na magana kamar ana ɗaukarsa a rediyo.

Gyara na biyu fushi ne. Na sanar an dakatar da haɗuwa, a koma yadda ake. Wata biyu ba mu zauna ba. Zauren ya ɗan farfaɗo, yaron nan ya dawo da dogayen gardamominsa. Amma Baba ya yi shiru. Na je gaishe shi, na same shi a ƙofar gida da carbi. Ya nuna mini wayarsa, ya ce idonsa ba ya jure ƙananan rubutun nan, kafin ya haɗa jimla ɗaya da yatsa ɗaya an wuce maganar da saƙo hamsin. Ya ce tun da ya bar aji ba inda yake jin shi malami ne sai a kan tabarmar nan. A hanyar komawa gida na yi ta juya abin. Yaron ba ya iya magana sai a rubuce, dattijon ba ya iyawa sai a baki, ita kuma ba ta da hanyar zuwa, ni kuma ina ta ƙoƙarin tura su duka ta ƙofa ɗaya.

Abin da muke yi yanzu ba a zama ɗaya muka tsara shi ba, kuma rabinsa shawarar ita wannan baiwar Allah ce. Ba a yanke komai a kan tabarma. Ko ranar zama na gaba ce, a zaure ake kaɗa ƙuri'a. Labarin da za a karanta ana ɗora shi mako guda kafin zama, wanda ba zai zo ba ya rubuto ra'ayinsa, ni kuma in buga a takarda. Da an buɗe da addu'a, ra'ayin waɗanda ba sa nan ake fara karantawa kafin na zaune su ce uffan. Wannan ya yi wa yaron nan daɗi fiye da kowa, domin shi ma yakan rubuto nasa ko da zai zo, wani ya karanta, shi kuma yana gefe yana gyaɗa kai kamar alƙali.

Sai mai rahoto. Kowane zama akwai wanda aikinsa ke nan, kuma ana juyawa. Kafin azahar ta washegari sai ya kawo wa zaure abin da aka ce, wa ya yaba, wa ya kushe, a ina aka yi hamma. Har abin dariya sai ya fassara, ko da fassarar za ta kashe shi. Wannan ne ya fi wuyar ɗorewa. Mutum ya dawo a gajiye, ga wuta babu, waya ba caji, sai ya ce gobe. Sau biyu na rubuta rahoton wani da kaina ina ƙunƙuni. Hoto kuma ba a ɗaukar fuskar kowa sai da izininsa, domin akwai wanda a gidansu ba a san yana wannan harka ba.

Maganar mata ta fi ɗaukar lokaci. Wata ɗaliba a Arkilla ta ce tsakar gidansu na da faɗi, matan za su iya haɗuwa a can da hantsin Lahadi, in mahaifiyarta ta yarda. Sai aka ce ni da Baba mu je mu yi bayani. Muka je, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, tsohuwa ta zauna daga bakin ƙofa. Na fara bayani, tsautsayi ya sa na ambaci taurari.

Ta ce, "Taurari? Ku 'yan duba na?"

Na rikice. Baba ya karɓa a natse. Ya ce, "Hajiya, Allah shi tsare mu da duba. In azumi ya matso, ƙasar nan duka ina take sauraro?"

Ta ce, "Fadar Sarkin Musulmi."

Ya ce, "To masu fita neman jinjirin watan nan, bokaye na?"

Ta yi dariya ta ce a'a. Ya ce to irin wannan kallon ne, sai kuma tatsuniya da yaran ke ƙagawa a kai. Ta ce in tatsuniya ce ita ma tana da su, kuma nata sun fi namu. Yanzu matan na zamansu, suna kawo rahotonsu kamar kowa, kuma an ce tsohuwar ba ta fashi. Mai saƙon muryar ta samu zuwa sau biyu, maigidanta ya kawo ta ya dawo ya ɗauke ta. Ni har yau ban taɓa ganinta ba.

Na nesa kuma muka yi musu jakar littattafai. Tsohuwar jakar makaranta ce, a zuba littattafai da labaran da na buga, a kai tasha a ba direba, a kira wanda zai karɓa a faɗa masa lambar mota. Ta je Tambuwal, ta je Gwadabawa, ta taɓa kwana huɗu a but ɗin wata mota tare da buhun albasa, har yau warin bai fita ba. Da ita muka dawo da ɗan Illela. Ban roƙe shi ba, jakar kawai na aika masa, da takarda a ciki cewa in ya gama ya rubuta ra'ayinsa a bayan kowane labari. Bayan mako biyu ya turo a mayar da shi zaure.

Mun kuma daina yaƙi da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zama, haka ma cikin azumi. Zaure ke riƙe mu. Da damina wasu na gona, sai abin da ya samu. Zaman gaske daga ɗaukewar ruwa ne zuwa ƙarshen sanyi. Akwai kuma wani littafi da ke hannun Baba, da irinsa a hannun ɗaya daga cikin matan, wanda duk mai so ya ba da sunansa na gaskiya da garinsu da lambar wani ɗan uwansa. Ba dole, kuma ba ya shiga waya. Da mahaifin yaron nan ya rasu, da wannan littafin muka gano gidan. Mu shida muka je, ya fito ya gan mu ya kasa cewa komai, da dare ya rubuto godiya mai tsawon shafi biyu.

Dare ɗaya ne zan ce na ga abin ya zauna daidai. Bayan ɗaukewar damina ta 2023 ne, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama. Baba ya ce a zaɓi bakwai ko takwas ga wata, domin in wata ya cika haskensa kan shafe komai, amma yana rabi inuwa kan fito da ramukansa a kan iyakar haske da duhu. Ba mu fita bayan gari ba, kowa ya san halin da ake ciki. Saman benen gidan wani ɗan zaure muka hau bayan isha'i, aka yi sa'a kuma an ɗauke wuta a unguwar. Baba ya zo da tsohon madubin hangen nesa mai ido biyu, ya ce a dafa gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Muka ga ramukan wata. Sannan ya juya mu gabas, ga wani abu mai haske da ba ya ƙyaftawa. Ya ce Mushtari ke nan, wato Jupiter, a duba gefensa da kyau. Ƙananan ɗigo ne a jere, watanninsa, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Wani ya tambayi Zara, Baba ya ce a wannan lokacin sai da asuba take fitowa.

Na gwada ɗaukar hoto ta bakin madubin don 'yan zaure, abin da ya fito kamar ƙwayar magani a cikin duhu. Sai mai rahoton ranar ya bar hoto, ya riƙa tura saƙon murya: ku fito tsakar gida, ku ba yamma baya, ku ɗaga kai kaɗan, mai hasken nan da ba ya ƙyaftawa shi ne. Wajen tara da rabi ya ƙara cewa a duba ƙasa da shi ta hannun hagu, Kaza da 'ya'yanta na tasowa. Amsoshi suka fara shigowa. Ɗan Illela ya ce ya gani, kuma samansu ta fi tamu tsabta. Na gabashin jihar ya ce yana kan katanga. Mai saƙon muryar nan kuma ta turo cewa Kaza da 'ya'yanta tun tana ƙarama kakarta ta nuna mata, ba sai mun koya mata ba, amma wancan mai hasken shekara nawa tana ganinsa ba ta san duniya ce mai nata watanni ba. Ta ce ta taso babbar ɗiyarta daga barci ta nuna mata. Kwana tara bayan haka ta ɗora sabon labari, na wata yarinya mai tallar fura a ɗaya daga cikin watannin nan.

Ba komai ya gyaru ba. Har yanzu akwai mutum sama da ashirin a zauren da ban san ko dogaye ne ko gajeru ba, wasu kuma sun ce kada a ƙara gayyatarsu, wayar ta ishe su, na kuwa daina. Akwai mai zuwa kowane zama don kilishi wanda bai taɓa karanta labari ko ɗaya ba. Ɗan Illela ya yi alkawarin zuwa sau biyar. Baba kuma ya fara roƙon a buɗe masa wata lamba da baƙon suna, ko a samu mai yi masa rashin kunya kamar da.

Ƙuri'ar zaman wannan watan ta rufe jiya, mutum ashirin da shida sun ce za su zo. Na leƙa wurin maƙwabciyata na ce ta dama ta mutum goma, in an ƙaru a ƙara ruwa.